Nazarin Jigo da Salon Raha a Fim ɗin Hope Springs

Gabatarwa

Manufar wannan 'yar maƙala ita ce a duba yadda aka yi amfani da raha wajen warware wani jigo mai nauyi a cikin fim ɗin Hope Springs, wanda aka fitar a Amurka a shekarar 2012. Vanessa Taylor ce ta rubuta labarin, David Frankel ya ba da umarni. Manyan 'yan wasan su uku ne: Meryl Streep a matsayin Kay, da Tommy Lee Jones a matsayin mijinta Arnold, da Steve Carell a matsayin Dokta Feld, masanin sasanta ma'aurata. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne cewa rahar fim ɗin daga kunya ta ke fitowa, kuma da ita marubuciyar ta faɗi abin da baki ba ya iya faɗa.

Labarin a Taƙaice

Kay da Arnold mazauna birnin Omaha ne a jihar Nebraska. Shekara 31 ke nan da aurensu, 'ya'yansu sun girma sun bar gida. Arnold akanta ne, Kay kuwa tana aiki a kantin sayar da tufafi. Tun da Arnold ya yi ciwon baya ya koma wani ɗaki, bai sake dawowa ɗakin matarsa ba. Kullum da safe ta soya masa ƙwai, ya ci yana karanta jarida, ya fita. Da dare barci ya kwashe shi gaban talabijin yana kallon wasan golf. Da abin ya ishi Kay sai ta ɗebi dala 4,000 daga ajiyarta ta biya musu kuɗin ganin Dokta Feld na mako guda a wani ƙaramin gari na gaɓar teku a jihar Maine. Arnold ya bi ta ba da son ransa ba.

Jigo

Babban jigon fim ɗin shi ne illar sabo a zaman aure. Ya kamata mai nazari ya lura cewa a gidan nan babu duka, babu zagi, babu neman mata, babu kuma rashin ci da sha. Da a ce Kay Bahaushiya ce ta yi yaji ta kai ƙara gun waliyyinta, da wuya ta sami laifin da za ta ambata, domin dattawanmu sun fi sanin sasanta rigimar da ta fito fili. Abin da ke damunta shi ne mijinta ya daina taɓa ta, ya daina ganinta mace. Ke nan fim ɗin yana koyar da cewa aure yana iya mutuwa igiyarsa tana nan ɗaure, kuma rashin faɗa ba shi ne zaman lafiya ba.

Salon Raha

Abin mamaki na farko shi ne Steve Carell, wanda aka sani da barkwanci, bai yi wasa ko kaɗan ba a nan. Dokta Feld yana tambaya ne cikin natsuwa, da murya ɗaya, a kan al'amuran shimfiɗa waɗanda ma'auratan ba su taɓa tattaunawa ba. Dariya tana zuwa ne daga yadda su ke karɓar tambayar: Arnold ya tsuke fuska ya koma ƙorafin tsadar abinci da masauki, Kay ta sunkuyar da kai tana gyara wuyan rigarta.

Dabara ta biyu ita ce amfani da wuri. Yawancin muhimman fitowa a kan doguwar kujera guda ta ofishin likitan a ke yin su. Da farko kowa ya takure a ƙarshenta. Tazarar da ke tsakaninsu takan ragu ko ta ƙaru gwargwadon yadda hirar ta tafi. Mai kallo yana karanta halin da auren ke ciki daga zamansu kafin su buɗe baki.

Ta uku ita ce aikin gida da likitan ke ba su, kamar yara 'yan makaranta. Na farko dai shi ne su rungumi juna kawai su kwana. Ganin mutanen da su ka shekara talatin tare suna ɗari-ɗarin haɗa jiki abin dariya ne, amma dariyar ba ta daɗewa sai tausayi ya biyo ta.

Zubi da Tsari

Marubuciyar ba ta bar likitan ya warware matsalar ba. Ko daren da Arnold ya kashe kuɗi ya shirya musu liyafa a wani otal mai tsada, ƙarshensa ɓacin rai ne. Sun koma Omaha, kowa ya koma ɗakinsa, har Kay ta haɗa kaya za ta bar gida na ɗan lokaci. A daren ne Arnold ya tashi da kansa ya shiga ɗakinta. Wannan tsari ya dace da jigo, domin ya nuna cewa iyakar mai sasantawa ya buɗe hanyar magana. Taka ta kuwa sai masu auren. Rauninsa shi ne sauyin Arnold ya zo da gaggawa, sa'an nan aka rufe da sabunta alkawarin aure a bakin teku don a faranta wa 'yan kallo.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa raha a Hope Springs hanya ce ta sassauta kunya don a tattauna kusantar juna tsakanin dattawan ma'aurata ba tare da batsa ba. Wannan darasi ne ga marubutan wasan kwaikwayonmu, waɗanda galibi su ke tsayawa a kan soyayyar samari da kishin kishiyoyi, su na barin shirun tsofaffin gidaje ba mai taɓa shi.