Zaman Iyali Kusa da Zaki da Damisa: Darasi Domin Hakimai da Malamansu

Manomin Gwadangaji da ya yi sammako zuwa gonarsa ta shinkafa a fadamar Gulbin Rima ba ya fargabar gamuwa da zaki, gama zaki ya daɗe da ƙarewa a wannan yanki. Amma talakawan hakimi, wanda a ƙasar Gwandu da Argungu ake ce masa uban ƙasa, ba a cikin gari kaɗai suke zaune ba. Akwai makiyaya masu kora shanu yamma da rani, ta Kamba da Gaya, akwai masu gangarawa kudu wajen Yawuri da Borgu, akwai kuma manoma masu tarewa a bukka da mata da yara har a gama girbi. Waɗannan su ne ke kusantar inda manyan dawa ya saura.

A cikin 2014 aka bayyana sakamakon wani bincike da masana suka yi a gandayen daji 21 na Afirka ta Yamma. A wurare 4 kaɗai suka sami zaki, jimlarsu duka wajen 400. Mafi yawansu suna cikin babban dajin da ya haɗa iyakokin Nijar da Benin da Burkina Faso, watau gandun W da Arli da Panjari. Gandun W, wanda aka kafa a 1954, ya sami sunansa daga yadda kogin Kwara ya yi lanƙwasa a wurin, ba shi kuwa da nisa da Gaya. A Nijeriya an same su a gandun Kainji da na Yankari, ba su kai 50 ba. Damisa, ƙi sabo, ta fi zaki iya ɓuya, tana kuma iya zama kusa da mutane ba a sani ba sai an ga akuya ta ɓata. Kura kuwa kowa ya san halinta.

To, me ke kawo irin waɗannan namu cikin ruga ko bukka? Ƙasar Tanzaniya ce ta fi ba da amsa, domin can aka yi ta rubuta kowace ɓarna. Daga 1990 zuwa 2004 zakoki sun kashe mutum fiye da 560 a ƙasar, sun raunata fiye da 300, galibi a kudu, wajen Rufiji da Lindi. Da aka bi diddigi sai aka ga cewa a wuraren nan namun da zaki ya saba ci sun yi ƙaranci, sai aladen daji da ke shiga gonaki da dare. Manomi ya kafa bukkar ciyawa a tsakiyar gona don ya kori alade, zaki kuma ya biyo alade, ya tarad da mutum yana barci a cikin abin da ba ya tare ko kare. An kama mutane da yawa sa'ad da suka fita kewayawa da dare, an kama yara a bakin ƙofa. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, sai ya shafa wa nasa ruwa.

Abin da ya fi amfani cikin binciken Tanzaniya shi ne maganar wata. Zaki ba ya samun sa'ar farauta a farin wata, saboda haka lokacin da wata ya cika yana cikin yunwa. Daga nan kuma wata yakan yi jinkirin fitowa, duhu ya rufe tun magariba alhali mutane ba su shiga ɗaki ba tukuna. An lissafta an ga ɓarna ta fi yawa cikin kwana goman da ke bin cikar wata, tsakanin magariba da bayan lisha. Mutanen ƙasar Kabi masu ƙirga kwanan wata ne tun asali, ba su bukatar a koya musu wannan lissafi. Ya isa a gaya wa maigida cewa daga 15 zuwa 25 ga wata kada yaro ya je ɗiban ruwa ko itace bayan faɗuwar rana, kada kowa ya fita bayan gida shi kaɗai ba fitila.

Game da dabbobi, abin da aka gwada a Laikipiya ta ƙasar Kenya ya nuna cewa asara tana raguwa inda aka yi shinge mai kauri, aka rufe ƙofarsa sosai, aka ajiye karnuka, mutane kuma suna kwana kusa. Shingen ƙaya ba don ya hana zaki tsallakawa kaɗai ake yinsa ba. Sau da yawa zaki yakan zagaya ne har shanu su ji warinsa su firgita, su fasa shingen da kansu su watse cikin daji, sa'an nan ya zaɓi wadda yake so. Don haka ƙarfin shinge daga ciki shi ne abin dubawa. A kusa da Nairobi wani yaro makiyayi, Richard Turere, ya lura zaki yana gudun haske mai motsi, sai ya jera ƙananan fitilu masu walƙiya kewaye da garken mahaifinsa. A Botsuwana kuma aka zana idanu biyu a cinyoyin shanu ta baya, domin zaki mai kwanton ɓauna ne, idan ya zaci an gan shi yakan fasa. Cikin shanu 683 da aka zana wa idanun, ba ko ɗaya da zaki ya kashe a shekaru huɗu, kamar yadda aka bayyana a 2020. Abin yana kama da wasan yara, amma kuɗinsa bai wuce na fenti ba.

Akwai wata mummunar dabara da lalle hakimi ya tsawata a kanta, watau zuba guba a mushen saniya don ramuwa. Gubar ba ta zaɓe. Tana kashe ungulu da dila da karnukan ruga, ruwan sama kuma ya wanke ta zuwa mashaya. Tun 1963 Jihar Arewa ta yi dokar kiyaye namun daji, dokar tarayya ta 1985 kuma ta hana farautar zaki da damisa da cinikin fatunsu. Wanda aka yi wa ɓarna sai ya kai kuka ga ardo ko dagaci, shi kuma ya isar wa hakimi, hakimi ya sanar da fada da ma'aikatan gandun daji. Maganar ba ta tsaya ga zaki ba. A 2024 dorina ta kashe wani masunci a Yawuri, daga baya aka taru aka kashe ta, kuma irin wannan hukunci na hukuma ne, ba na kowane mai bindiga ba.

Aikin malamin hakimi a nan shi ne rubutu. Idan labari ya zo, ya rubuta wurin, da ranar, da kwanan watan Musulunci, da lokacin, da abin da aka kama, da irin shingen da ke wurin. Ya tambayi Sarkin Baka ko wani tsohon maharbi ya duba sawu kafin shanu su tattake shi, gama sau da yawa akan ɗora wa damisa laifin kura. Bambancin a fili yake: sawun kura yana nuna farce, na zaki da damisa ba ya nunawa, domin suna janye faratansu idan suna tafiya. Damisa takan kama wuya ta ja naman zuwa cikin sarƙaƙiya ko ta hau da shi bishiya, kura kuwa takan farfasa ƙashi ta watsa shi ko'ina. In an sami hali a ɗauki hoton sawun da waya, a ajiye ashana ko tsinke a gefensa don a gane girmansa, a haɗa da takardar da za a aika fada.