Kwalejin Pius na 12: Makarantar da Takardar Shaidarta ke Hannun Wani

Darasinmu na wannan wata ya kai mu nesa, can kudancin Afirka, zuwa wata ƙaramar ƙasa ta duwatsu wadda a dā ake kira Basutolan, yanzu kuwa Lesotho. Ƙasar Afirka ta Kudu ta kewaye ta ko ta ina, kamar yadda ruwa ke kewaye tsibiri. Sanyinta ya fi namu na hunturu nesa ba kusa ba, gama ƙanƙara takan rufe kan duwatsun a watannin Yuni da Yuli, mutanenta kuwa da bargo da doki aka san su. A can ne Ekklesiyar Katolika ta kafa wata ƙaramar jami'a. Ko mu 'yan Katolika ne ko ba su ba ne, labarinta ya shafe mu, domin kowace Ekklesiya da ta taɓa gina makaranta ta san irin wannan nauyi.

Masu wa'azin bishara na farko a ƙasar Furotesta ne daga Faransa, waɗanda suka iso a 1833 zamanin Sarki Moshoeshoe. 'Yan Katolika sun biyo baya a 1862, Bishop Allard da Fada Joseph Gerard. Sarki ya ba su wani kwari suka zauna, daga baya aka sa wa wurin suna Roma. Kada mai karatu ya ruɗe, ba Roma ta Italiya ba ce. Wannan ƙauye ne mai nisan wajen mil 21 daga Maseru, babban birnin ƙasar.

A 1938 bishop-bishop na Katolika na kudancin Afirka suka taru, suka yanke shawara a yi wa samari baƙaƙen fata da suka gama sakandare wurin ƙarin ilimi, inda ba za a raba karatu da tsoron Allah ba. Shekara bakwai suka wuce kafin maganar ta tabbata. Ran 8 ga Afrilu 1945 aka buɗe kwalejin, cikin ɗakin wata makarantar firamare da aka ara, da ɗalibai biyar. Biyar kaɗai! A shekara ta gaba masarautar ƙasar ta ba da fili eka 52, aka koma can. A 1950 aka danƙa makarantar ga wata ƙungiyar fada-fada da ake kira Oblates, yawancinsu a wannan ƙasa mutanen Kanada ne, sunanta kuwa Kwalejin Pius na 12, watau sunan Paparoma na lokacin.

To, yaya karatun yake? A nan ne ya kamata mu dakata, gama nan ne gindin maganar. Kwalejin tana koyarwa, amma ba ta da ikon ba da digiri. Malamai su yi ta fama da ɗalibi shekara uku, sa'an nan jarrabawa ta zo daga Jami'ar Afirka ta Kudu da ke Pretoria, can kuma ake rubuta takardar shaida. Wannan ba baƙon abu ba ne a wancan zamani. Kwalejin Ibadan tamu, da aka buɗe a 1948, digirin Jami'ar London take bayarwa har 1962. Amma akwai bambanci. London ba ta ƙi jinin abin da Ibadan ke yi ba. Pretoria kuwa ita ce mazaunin gwamnatin da ta hau mulki a 1948 da nufin raba mutane bisa ga launin fata.

A 1954 jami'ar ta Pretoria ta karɓi kwalejin a matsayin abokiyar aiki, aka sakar mata hannu kaɗan wajen koyarwa da jarrabawa. Ana karanta harsuna, tarihi, kimiyya, ciniki da aikin malanta. Ɗalibai suka riƙa zuwa daga Afirka ta Kudu, da Rodeshiya, da Niyasalan, har waɗanda ba 'yan Katolika ba. Ɗaya daga cikin ɗaliban kwalejin shi ne Bernard Chidzero, wanda ya wuce Kanada ƙarin karatu, daga baya ya zama ministan kuɗi na Zimbabwe. Abin da ke jawo su a fili yake. A 1953 Afirka ta Kudu ta kafa dokar da ta ƙasƙantar da ilimin baƙar fata, a 1959 kuma ta kafa wata da ta kusan rufe musu ƙofar jami'o'in Turawa. Basutolan kuwa tana ƙarƙashin Ingila, dokokin nan ba su hau kanta ba. A Roma saurayi yana iya zama teburi ɗaya da malaminsa Bature ba wanda zai kama shi.

Duk da haka igiya biyu suna wuyan makarantar. Ta fari ita ce takardar shaidan nan. Da aka shiga shekarun 1960, jami'ar Pretoria ta sāke sharuɗan zumuncinsu ba tare da yardar kwalejin ba. Ta biyu kuɗi ne. Jami'a ba kamar firamare take ba, inda allo da alli da malami ɗaya sun isa a fara. Tana bukatar ɗakin littattafai, da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, da malamai masu zurfin ilimi waɗanda ba dukansu ne za su yi aiki ba albashi kamar fada ba. Ɗalibai ba su kai 200 ba, iyayensu matalauta ne, baiko daga ƙetare kuwa yau ya zo, gobe ya makara. Mai so ya duba Luka 14:28-30, inda Ubangiji ya yi zancen mai gini da lissafin abin da ginin zai ci. A ganinmu ba za a ce fada-fadan nan ba su yi lissafi ba. Da sun jira kuɗi ya cika, da yara biyar ɗin nan sun tsufa suna jira. Amma lissafin ranar buɗewa daban, na shekara ta goma sha biyar daban.

Sai suka yi abin da ke da wuya ga kowane mai gini: suka saki. Aka yi shawara da gwamnatin Ingila, ran 1 ga Janairu 1964 kwalejin ta zama Jami'ar Basutolan, Bechuwanalan da Suwazilan, da takardar izni daga Sarauniya Elizabeth, mai ikon ba da digiri nata na kanta, ba kuma ta wata ɗarika ba. Fada-fadan suka riƙe gida ɗaya a harabar, wanda ya ci gaba da amsa sunan Pius na 12. Waɗansu za su ce Ekklesiya ta yi hasara, shekara goma sha tara na wahala sun tafi hannun gwamnati. Gaskiya ne ikon zaɓen malamai da tsara karatu ya fita hannunta. Amma dā ma rabin ikon nan yana Pretoria.

Haɗin ƙasashen uku bai daɗe ba. Botswana da Lesotho sun sami mulkin kai a 1966, aka sāke wa jami'ar suna, Suwazilan ta bi su a 1968. Ran 20 ga Oktoba 1975 gwamnatin Lesotho ta janye harabar Roma daga tarayyar, ta mai da ita Jami'ar Ƙasa ta Lesotho. Sauran biyun suka ci gaba tare har 1982, sa'an nan kowacce ta kafa tata. A Roma kuwa 'yan gudun hijira daga Afirka ta Kudu suka ci gaba da samun wurin karatu, cikinsu har da Tito Mboweni, wanda ya zama gwamnan babban bankin ƙasarsa a 1999.