Idan Faifan Birki Yana Rawa

Direba yana cikin gudu, sai ya taka birki. Sitiyari ya kama karkarwa a hannunsa, birkin kuma yana ture masa ƙafa, yana saki, yana turewa. Sau da yawa laifin na faifan birki ne.

Faifan birki ƙarfe ne zagayayye da ke bayan taya, yana juyawa tare da ita. Idan an taka birki, takalman birki biyu ne suke matse shi, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, har mota ta tsaya. Ana so faifan ya juya sambal. In yana leƙawa dama da hagu, kowane zagaye sai ya gogi takalmi a wuri ɗaya. A kwana a tashi wurin ya cinye, kaurin faifan ya zama ba daidai ba, karkarwa ta fara.

Ido ba ya ganin wannan rawa. A yawancin ƙananan motoci, abin da aka yarda da shi bai wuce milimita 0.05 ba, wato kusan kaurin silin gashi ɗaya. Don haka makaniken da ya juya faifai da hannu, ya dube shi, ya ce lafiya lau, bai auna komai ba.

Da agogon awo ake aunawa. Fuskarsa kamar ta agogo take, da hannu ɗaya, da ɗan tsinke a ƙasa. Kowane ɗan layi a fuskar milimita 0.01 ne. Ka ga ke nan layi biyar su ne 0.05. Duk wanda ya iya ƙirga zai iya karanta shi.

Ka tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, ka sa wa sauran tayoyin waigi. Ka ɗaga ta da jak, sannan ka tokare ta da ƙarfen tokara. Kada ka yarda da jak shi kaɗai, domin yana zamewa. Kafin ka cire taya, kama ta sama da ƙasa ka girgiza. In tana wasa, mai yiwuwa boris ne ya mutu, kuma sai an gyara shi kafin awo ya yi gaskiya.

Bayan cire taya, mayar da notina ka ɗaure faifan sosai, da wasa a ƙarƙashin kowane noti. Kafa agogon a jikin ƙarfen da ba ya motsi. Tsinken ya taɓa fuskar faifan, kamar milimita 10 daga bakinsa. Saita hannun a kan sifiri. Juya faifan a hankali, zagaye ɗaya cif. Lura da iyakar inda hannun ya kai ta dama da iyakar inda ya kai ta hagu. Ƙirga layukan da ke tsakani. Wannan ita ce rawar faifan.

In ta wuce ƙima, kada ka yi saurin sayen sabo. A nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗinsu, abin kuma yana ba ni takaici. Cire faifan ka duba mazauninsa. Ɗan tsatsa ko ƙwayar yashi a wurin ya isa ya karkatar da faifai sabo fil. Kankare shi tas da burushin waya. Mayar da faifan, amma ka juya shi zuwa ramin noti na gaba, ka sake aunawa. Sau da yawa a nan matsalar take ƙarewa.

In ta ƙi, to ko a kai faifan a sassaƙe shi a inji, ko a canza. A jikinsa akwai lambar da ke nuna iyakar sirantar da aka yarda ya yi. In ya kai wannan lamba, ba sauran sassaƙa. Kuma biyu ake canzawa tare, na dama da na hagu.

Wajen mayar da taya, ko a wurin mai faci ne, kada a ɗaure notina bi da bi. A ɗaure wannan, a tsallaka zuwa wanda ke fuskantarsa, kaɗan-kaɗan, har ƙarfinsu ya zo ɗaya.