Yadda Ake Ba Sababbin Kyamarorin Tsaro Wuta Ta Tsohuwar Waya

Sha'anin tsaro yana gaban kowane hakimi a ƙasashen Argungu, da Augie, da Arewa, da Dandi, balle tun da mahara suka faɗa wa Mera a watan Nuwamba 2024 suka kashe mutane. Cikin abubuwan da akan kawo wa hakimi shawara a kansu har da kyamarorin tsaro na ofis, da kasuwa, da tasha. Inda aka riga aka kafa irin na dā, hotonsu yakan fito dishi-dishi, ba a shaida fuskar mutum. Sau da yawa ɗan kwangila yakan ce sai an tumɓuke kome an sake sabo. Wannan kuwa ba kullum ne ya zama tilas ba.

Kyamarorin dā suna aiki da waya mai kauri, zagayayya, wadda ma'aikata ke kira koksiyal. Tana da silin ƙarfe guda a tsakiya, da saƙar ƙarfe a kewaye, irin ta talabijin. Kyamarorin zamani kuwa wayar kwamfuta suke so, ita ce ke kai musu wuta, ta kuma komo da hoto. Amma wannan waya iyakarta mita 100. A harabar da ke da faɗi, kamar filin Matan Fada inda ake bikin kamun kifi tun 1934, mita 100 ba wani abu ba ne. Sa'an nan akwai gine-ginen da ba a son a yi ta huda bangonsu, kamar Gidan Tarihin Kanta, wanda aka gina a 1831, ya kuma zama fadar Sarki har 1942.

Dabarar ita ce a sayi 'yan akwatuna biyu da ake kira adafta. Ɗaya a ofis kusa da akwatin ajiyar hoto, ɗaya a gindin kyamara. Aikinsu kamar na tafinta ne: su juya maganar kyamara ta bi tsohuwar waya, wuta kuma ta bi ta cikinta zuwa can. Da haka akan kai mita ɗari uku ko fiye, gwargwadon kyaun waya. Babban amfaninsa shi ne duk kyamarori suna shan wuta daga wuri guda, watau in aka ajiye batir da farantan hasken rana a ofis, ko an ɗauke lantarki ba wadda za ta mutu.

Amma fa akwai inda gizo ke saƙar. Wuta tana raguwa a cikin waya kamar yadda ruwa ke raguwa a doguwar lambatu kafin ya isa ƙarshen fadama. Ƙa'idar da aka tsayar a 2003 ta ce wuta ta tashi daga ofis da ƙarfin wat 15.4, ta isa kyamara da wat 12.95. Ta 2009 ta ɗaga shi zuwa wat 30, wanda 25.5 ke isa. Wannan lissafi na sabuwar wayar kwamfuta ne mai mita 100. A tsohuwar koksiyal mai tsawo abin da zai isa yakan gaza haka ƙwarai. Kyamara maras motsi ba ta cin wuta da yawa da rana, amma da dare, in fitilunta na gani cikin duhu suka kama, cinta yakan kusa ninkawa. Saboda haka sai a ga kyamara ta yi aiki lafiya lau ranar da aka ƙaddamar da ita gaban jama'a, da magariba ta yi kuwa sai ta ɗauke, daidai lokacin da ɓarawo ke fitowa. Mai juyawa hagu da dama ta fi kowace ci, ba a cika samun ta zauna lafiya a kan doguwar waya ba.

Abin da ya fi kawo wannan shi ne irin ƙarfen da ke tsakiyar wayar. Wata jan ƙarfe ce zalla. Wata kuwa baƙin ƙarfe ne aka shafa masa jan ƙarfe a baya, ita ce mai araha, ita ce kuma aka fi ja wa faifan tauraron ɗan Adam. Hoton talabijin ta bayan silin yake bi, don haka bai damu ba, amma wuta dukan silin take bukata, baƙin ƙarfe kuwa yana tauye ta fiye da ninki biyu. Gane su ba wuya, ba sai injiniya ba. Malamin hakimi ya feƙe bakin wayar, ya kara mata maganaɗisu. In ya kama ta, baƙin ƙarfe ne. In bai kama ba, sai a duba lambar da ke jikinta: RG6 ta fi RG59 kaurin sili, ta fi ta kai wuta nesa.

Bayan wannan sai a bi wayar tun daga ofis har gindin kyamara. A duba inda gara ko ɓera suka ci, da inda aka yi mata ƙari aka naɗe da leda, da bakunan da damina ta sa suka yi tsatsa. In an sami 'yar na'urar da ke raba waya biyu, a cire ta, gama yawancinsu ba su barin wuta ta wuce. Wayar da ruwa ya shiga cikinta ba ta gyaruwa, sai a sake ta.

Lalle ne malami ya buɗe littafi, ya rubuta tsawon kowace waya, da irinta, da yawan wat da kyamarar ke ci da dare, kamar yadda aka buga a takardarta. Ɗan kwangila kuma ya nuna a rubuce wat nawa adaftarsa ke isarwa a wannan tsawo. Kada hakimi ya sa hannu a biya sauran kuɗi sai an kwana uku ana kallon hoton kowace kyamara da tsakar dare, ɗaya daga cikin dararen nan kuma a kashe lantarki da gangan, a bar batir kaɗai.

Wayar da ta ratsa fili daga gini zuwa gini tana jawo aradu. Kafin saukar damina a sa mata na'urar kariya a bakunanta biyu, a haɗa da sandar jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa mai laima.