Amsoshin Tambayoyinku: Takunkumi Kan Masu Kutse Da Masu Katsalandan A Zabe

Wani mai sauraro daga Garki a jihar Jigawa yana tambaya: shin gwamnatoci na iya hukunta wanda ya yi kutse ta intanet ko ya tsoma baki a zabe daga wata kasa?

Malam, suna iyawa, kuma daya daga cikin makaman da ake amfani da su shi ne takunkumi. A watan Afrilun 2015 shugaba Obama ya sanya hannu kan umarnin da ya ba Baitulmalin Amurka ikon rufe kadarorin masu kutse da hana Amurkawa hulda da su. A Disamban 2016 ya fadada shi zuwa katsalandan a zabe, ya kakaba wa hukumomin leken asirin Rasha biyu takunkumi, ya kuma kori jami'an diflomasiyyarta 35.

Abin ya shafo Najeriya. A Yunin 2020 Baitulmalin ya sanya 'yan Najeriya shida cikin jerin wadanda aka kakaba wa takunkumi, bisa damfarar Amurkawa fiye da dala miliyan 6 ta sakonnin imel na bogi. A Mayun 2023 kuma, Amurka ta hana biza ga wasu da ta ce sun yi wa zaben shekarar zagon kasa, sai dai ba ta bayyana sunayensu ba, abin da ya rage wa matakin kaifi matuka.

A cikin gida, dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024, ta tanadi dauri da tara ga mai kutse, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron shari'ar.