Darasin Noman Rani: Yadda Ake Auna Ruwan da Ke Gudu Cikin Kwata

Darasinmu na yau na masu garka ne, na fadamar Tadis a Tahoua, da na bakin tafkin Tabalak, da masu shan ruwan madatsar Ibohamane kusa da Keita. Tun bayan farin 1984 noman rani ya zama abin dogaro a Adar, amma har yanzu da ido muke auna ruwa. Ido kuwa ba mudu ba ne. In ruwa ya yi yawa, albasa ta ruɓe, kuɗin mai ya tafi a banza. In ya kasa, kai ba zai yi girma ba.

Ga kayan aiki: igiyar awo, da agogo, da guntun kara busasshe.

Na farko. A sami wuri miƙaƙƙe a kwatar da ke kai ruwa fangali, a auna tsawon mita 10, wato santimita 1,000. Mu kira shi T. A auna faɗin ruwan, F, da zurfinsa, Z. Yawan ruwan da ke cikin wannan yanki, Y, kamar lissafin tubali ne:

Y = F × Z × T

Misali, faɗi santimita 25, zurfi 10. To, 25 × 10 × 1,000 ya ba da 250,000. Kowace 1,000 lita ɗaya ce, ke nan lita 250.

Na biyu. A jefa kara a farkon awon, a duba lokacin da zai kai ƙarshe. Wannan shi ne L. Mu ce daƙiƙa 20. Cikin wannan lokaci ne lita 250 ɗin nan suka wuce. Ruwan daƙiƙa ɗaya, R, sai a raba:

R = Y ÷ L = F × Z × T ÷ L

Tsawo a raba da lokaci, ai shi ne gudun ruwa, G. Saboda haka R = F × Z × G. Wannan ita ce ƙa'idar da ma'aikatan ban ruwa ke aiki da ita. A misalinmu, 250 ÷ 20 ya ba da lita 12 da rabi. Amma a lura, ruwan sama-sama ya fi na ƙasa gudu, domin na ƙasa yana gogar laka. Don haka a kwatar ƙasa akan ɗauki kashi 8 cikin 10. Ya rage lita 10.

Na uku, juya lissafi. Alamar = kamar sikeli take: abin da ka yi wa hagu, ka yi wa dama. Muna da R = Y ÷ L. A ninka kowane gefe da L, sai ya koma R × L = Y. A raba kowane gefe da R:

L = Y ÷ R

Ga amfaninsa. Garkarka murabba'in mita 1,000 ce, kana son ruwa ya kwanta santimita 3. Santimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita 10 ce, ke nan lita 30,000 ake bukata. Raba da 10, ka sami daƙiƙa 3,000, wato minti 50. In ka bar injin awa biyu, fiye da rabin man asara ne. In kuma kwata ɗaya kuke sha da maƙwabci, wannan lissafi ya raba gardamar layi.

A maimaita jefa karan sau uku, a ɗauki na tsakiya. Kada a auna ranar iska mai ƙarfi.

Aikin gida: injin wani manomi yana cika durom mai lita 200 cikin daƙiƙa 25. Garkarsa murabba'in mita 400 ce, yana son santimita 3. Minti nawa zai yi ban ruwa? Ku tattauna a ƙungiyarku ta masu saurare. Wanda bai iya boko ba, ya sa ɗan makaranta ya riƙe alƙalami, shi ya riƙe agogo.

Allah ya ba da albarkar rani, amin.