Asalin kalmar *light*: haske da rashin nauyi a rubutu ɗaya

Ɗalibin da ya tashi da Faransanci, ranar da ya fara cin karo da kalmar Ingilishi *light*, wato haske, abin da ke ɗaure masa kai shi ne baƙaƙen *gh*: ana rubuta su amma ba a furta su. Suna da dalili. A tsohon Ingilishi kalmar *lēoht* ce, kuma ana furta *h* ɗin kusan kamar *kh* na Larabci. Marubutan tsakiyar zamani suka riƙa rubuta sautin da *gh*. Daga baya ya ɓace a bakin mutanen Landan, wasalin ya tsawaita ya koma *ai*, sai dai injin buga littattafai, wanda William Caxton ya kafa a Ingila a 1476, ya taimaka wajen daskarar da tsohon rubutun. Har gobe Jamusawa na furta sautin a *Licht*.

Masana sun mayar da kalmar ga saiwar \*leuk-, mai ma'anar haskakawa, a harshen da ya haifi dangin harsunan Indo-Turai. Alamar tauraro na nufin ba a taɓa samun saiwar a rubuce ba, kwatanta ƴaƴanta aka yi aka gano ta. Ɗalibin Nijar ya san wasu daga cikin ƴaƴan tun yana firamare: *lumière* daga Latin *lumen*, da *lune* daga *luna*, wato wata, mai haskaka dare. Girkanci kuma yana da *leukos*, fari, wanda ke cikin sunan cutar *leucémie*.

To ina *k* ya shiga a Ingilishi? Ƙa'idar da Jacob Grimm ya bayyana a 1822 ta nuna cewa tsohon *k* ya koma *h* a harsunan dangin Jamusanci. Shi ya sa Latin ke da *cornu*, ƙaho, da *centum*, ɗari, inda Ingilishi ke da *horn* da *hundred*. Harshen Got na ƙarni na 4 ya kira haske *liuhath*. Wannan daidaito da ke maimaita kansa shi ne hujjar dangantaka, kamannin sauti kaɗai bai isa ba.

Kalmar da kanta ta tabbatar da haka, domin akwai wata *light* mai nufin abu marar nauyi. Rubutunsu ɗaya, furucinsu ɗaya, kuma mai gaggawa zai iya ƙirƙiro bayani mai daɗin ji, ya ce ai haske ba ya da nauyi. Bayanin kuskure ne. Ta biyun daga wata saiwa ta fito, danginta su ne Latin *levis* da Faransanci *léger*, har da *lung*, huhu, wanda ya samu sunansa saboda rashin nauyinsa. Sauye-sauyen sauti ne suka haɗa su tun a tsohon Ingilishi. Jamusanci bai haɗa su ba: haske *Licht*, marar nauyi *leicht*.